Filin Tambaya da Amsa: Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Rimot

Wasiƙun wannan mako duka a kan abu ɗaya suke, wato ƙananan jiragen ruwa da mutum yake ƙerawa da hannunsa, ya tsaya a bakin gaɓa yana sarrafa su da rimot. Mafi yawansu sun fito ne daga garuruwan da suke zaune da ruwa a jihohin Kebbi da Zamfara, kuma na zaɓi biyar daga cikinsu na taƙaita su yadda filin zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin sakandare ne. Na ƙera jirgi da filawud mai tsawon santimita 60, na yi masa gida mai hawa biyu a sama, na ɗora batir a kan benen farko don ya yi sauƙin cirewa. Idan na ajiye shi a ruwa yana tsayawa, amma da na juya shi da gudu sai ya kife, har ruwa ya lalata mini kayan lantarkin. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗalibi a Yelwan Yauri.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya sami jirginka yana samun mafi yawan masu fara wannan aiki, domin ido yakan tafi ga rimot da fitilu da kyan gidan da ke sama, alhali abin da zai raya jirgi ko ya kashe shi yana can ƙasa, a gangar jikin da ruwa yake taɓawa. Shawarata gare ka, kuma ita ce shawarata ga duk wanda ya rubuto, ita ce ka fara samun jirgi tukuna, rimot ya biyo baya.

Kai da kake Yauri kana da malaman da mutanen wasu garuruwa ba su da su. Ka je bakin ruwa ranar kasuwa ka tsaya ka kalli yadda ake loda kwalekwale. Buhunan shinkafa da na albasa ana shimfiɗa su ne a ƙasan ciki, wajen tsakiya, kuma matuƙin da ya san aikinsa ba ya yarda fasinja su miƙe tsaye ana cikin tafiya, saboda ya san cewa duk nauyin da ya hau sama yana neman hanyar da zai juyo ƙasa ne. Batir shi ne abu mafi nauyi a cikin jirginka, kai kuma ka ɗora shi a bene. Ka sauko da shi ya kwanta a kan ƙasan jirgin, daidai kan layin tsakiya, ka ɗaure shi da roba yadda ba zai zame gefe ba lokacin juyawa. Gidan da ke sama kuwa ka sake yin sa da abu marar nauyi, kamar farin soson nan da ake naɗo firji ko talabijin a cikinsa, ko kwali mai ƙwari da aka shafe da fenti ciki da waje.

Akwai lissafin da ya kamata ka yi kafin ka yanka katako, kuma ba mai wuya ba ne. Masanin nan na ƙasar Girka, Arkimidis, ya bayyana shi fiye da shekara 2000 da suka wuce: abin da yake yawo a kan ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa nauyin. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Idan jirginka yana da tsawon santimita 60 da faɗin santimita 18, kuma kana son ya nutse santimita 4 kawai, sai ka ninka lambobin uku, ka sami 4,320, wato lita 4 da 'yan kai. Tun da gaban jirgi tsini ne ba akwati ba, ka ɗauki kamar kashi 2 cikin 3 na wannan, ya zama kusan kilo 3. Wannan shi ne iyakar nauyin komai da komai, har da katakon da fentin, idan kana son ya tsaya a kan layin da ka zana.

Yadda nake gwada nawa shi ne, in cika babban baho da ruwa a tsakar gida, in ajiye gangar jirgin ita kaɗai, babu waya ko ɗaya a ciki, sa'an nan in riƙa saka ledojin fiya wata ɗaya bayan ɗaya. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo, don haka ita ce ma'aunin da kowa yake da shi a hannu. Ina kallon layin da na ja da fensir a gefen jirgin har ruwa ya taɓa shi, in ƙirga ledojin, in san abin da jirgin zai iya ɗauka. Daga nan sai in danna gefe ɗaya da yatsa har bakinsa ya kusa shan ruwa, in sake shi. Jirgin kirki yakan miƙe nan take, ya ɗan yi lilo sau biyu ko uku ya tsaya. Wanda ya yi jinkirin tashi, ko ya tsaya a karkace, bai shirya fita ba. Bayan wannan sai in cire ledojin, in shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasan ciki, in dora dutse, in bar shi a bahon tun daga azahar har la'asar. Duk inda takardar ta jiƙe, can ne ruwa yake shiga.

Filawud yana shan ruwa ta gefen da aka yanka, kuma da ya sha sai fallayensa su rabu. Ka goge shi da sanfefa, ka cike kowace mahaɗa da gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake haɗawa kafin a shafa, domin farin gam na kafinta yana saki idan ya daɗe a ruwa, sa'an nan ka yi masa fentin mai shafi uku, kana barin kowane shafi ya bushe sosai. Duk wani gurbi da ya rage a gaba da baya ka cusa masa farin soso, ta yadda ko jirgin ya cika da ruwa ba zai tafi ƙasa ba. Kayan lantarki kuwa ka sa su a cikin robar abinci mai murfi, ka huda ƙananan ƙofofi na wayoyi ka toshe su da gam.

Abu ɗaya ya rage da masu kwaikwayon manyan jirage suke mantawa. Idan ka rage girman jirgi sau 10, nauyinsa yana raguwa sau 1,000 ne, amma faɗin gefensa da iska take bugawa sau 100 kawai yake raguwa. Iskar da babban jirgi ba zai ma ji ta ba tana iya kwantar da naka, musamman ta hunturu. Shi ya sa gida mai hawa biyu bai dace da jirgin farko ba.

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo da waya ne, kuma ina da tsofaffin motocin wasan yara masu rimot da aka bar mini a shago. Ko zan iya cire kayan cikinsu in sa a jirgi, ko dole sai na sayi na musamman? Daga wani mai sana'a a Talata Mafara.

Amsa: Za ka iya, Malam, kuma a ganina da su ya kamata ka fara, tun da hannunka ya riga ya saba da dalma da waya. Allon da ke cikin irin wannan mota yana da mafita biyu: ɗaya tana zuwa ga moton da yake tura motar gaba da baya, ɗaya kuma ga wanda yake juya ƙafafun gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa kowace mafita da nata moton da tata farfela, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan duka biyun suna turawa jirgin ya tafi gaba, idan ɗaya ta tsaya sai ya karkata, idan kuma ɗaya tana gaba ɗaya tana baya sai ya juya a inda yake. Da wannan ka huta da ƙera wutsiyar tuƙi, wato ɗan allon da ke bayan jirgi a cikin ruwa wanda yake juya shi. Ka lura dai cewa mafitar juyawa an yi ta ne don ƙaramin moto, in ka ɗora mata babba za ta ƙone.

Iyakar wannan rimot biyu ce. Ba ya da sannu-sannu, ko dai a kunne ko a kashe, kuma ba ya kai nisa. Masu doguwar eriya yawanci suna aiki ne a kan megahaz 27 ko 49, kuma idan biyu suka haɗu a kan zango ɗaya sai su riƙa shiga wa juna. Tartsatsin da ke tashi a cikin moto ma yana dagula musu saƙo, maganinsa kuwa yana cikin tarkacen shagonka: ɗan kafasita mai lamba 104 da za ka liƙa tsakanin ƙafafun moton biyu. Kafin ka sa jirgin a ruwa, ka ba yaro rimot ɗin ya yi ta ja da baya yana dannawa, kana ƙirga takunsa har inda farfela ta daina amsawa, sa'an nan kada ka bar jirgin ya wuce rabin wannan nisa.

Idan hali ya samu, abin saye guda huɗu ne: rimot mai aiki a kan gigahaz 2.4 tare da ɗan akwatinsa mai karɓar saƙo, da na'urar daidaita gudun moto wadda take da gaba da baya, da ɗan injin da ake kira sabo wanda yake karkata wutsiyar tuƙi daidai gwargwadon yadda ka motsa yatsanka. Irin wannan rimot yana ƙulla alaƙa da akwatinsa shi kaɗai, don haka mutum goma za su iya wasa a tafki ɗaya. Sai dai saƙonsa ba ya ratsa ruwa, saboda haka bakin eriyar ya kasance sama da layin ruwa, nesa da batir da moto. Yawancinsu suna da tsarin da za ka saita moto ya mutu da kansa idan saƙo ya yanke, kuma kada ka fita ba ka saita shi ba. Abin sha'awa ne mutum ya san cewa jirgin ruwa yana cikin abubuwan farko da aka fara sarrafawa da rediyo a duniya: a shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgi a cikin kwarmin ruwa a birnin Niyok na Amurka, yana juya shi ba tare da waya ba.

Tambaya: Motona yana zafi har ba a iya taɓa shi bayan minti kaɗan, kuma ruwa yana bin sandar farfela yana shiga ciki. Daga wani matashi a Jega.

Amsa: Ƙanena, ina kyautata zaton farfelarka ta yi girma. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka fiffiken da ƙaramin moto yake juyawa cikin sauƙi a iska yakan shaƙe shi a cikin ruwa, ya ja wuta mai yawa, ta koma zafi. Ga jirgi mai santimita 60, farfela mai faɗin santimita 3 zuwa 3 da rabi ta isa. Ka kuma duba ko moton da sandar suna kan layi ɗaya, domin in sun saɓa ko kaɗan ƙarfin yana ƙarewa ne a gogayya. Guntun robar bawul ɗin keke yana haɗa su da kyau kuma yana shanye 'yar karkata. Game da yoyo, sandar ba ta ratsa katako tsirara. Tana bi ne ta cikin siririn bututu wanda ya ɗan fi ta faɗi, an liƙe shi da gam a jikin jirgin, an cika cikinsa da giris, kuma an ɗan ɗaga bakinsa na ciki ya zama sama da layin ruwa in da hali. Ka riƙa sabunta giris ɗin bayan fita biyu ko uku, saboda ruwanmu yana da laka da yashi.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 13 ya ɗauki ransa ya sa a wannan abu, kullum yana neman zuwa bakin ruwa, ni kuwa hankalina ba ya kwanciya. In hana shi ne? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki ki ajiye shi ba. Amma ina roƙonki kada ki hana shi aikin. Yaron da yake auna katako, yana lissafin nauyi, yana haɗa waya, yana sake gyara abin da ya ƙi, ya ɗauko hanyar da ƴan uwansa suka bi da motar kara da ta gwangwani, ya ƙara mata ilimin lantarki, kuma irin wannan hannu ne ake nema a azuzuwan injiniya na Kwalejin Waziri Umaru da ke nan garinku ko na jami'ar Aliero. Abin da za ki kafa masa shi ne sharuɗɗa, kuma ki tsaya a kansu.

Ba ya zuwa ruwa sai da babba. Ba ya shiga ruwa don ɗauko jirgi, ko da ya iya iyo, ko da jirgin yana ganinsa kusa. Wannan shi ne haɗari mafi girma a wannan wasa, domin jirgi yakan mutu ne a inda ciyawa ta naɗe farfela, kuma ciyawar da ta riƙe farfela tana riƙe ƙafa. Ya riƙa tafiya da doguwar igiya siririya da aka ɗaura wa gorar roba mai ɗan ruwa a ciki, ya jefa ta ta tsallake jirgin ya jawo a hankali. In ta ƙi, a nemi mai kwalekwale, in babu, a haƙura da jirgin. Akwai kuma tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta shiga jiki ta fata ba sai an sha ba. Don haka ya zaɓi wurin da zai ajiye jirgin ya ɗauke daga kan busasshiyar gaɓa, kuma duk ranar da aka ga jini a fitsarin yaro a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Ki kuma hana shi babban gulbi, musamman da damina. Jirgi irin nasa, wanda yake ture ruwa ba ya tashi a kansa, gudunsa yana da iyaka da tsawonsa ya yanke masa, kuma ga mai santimita 60 bai wuce kamar kilomita 3 da rabi a awa ba, ƙasa da tafiyar babban mutum. Ya jefa kara a ruwan ya bi shi a gaɓa; in sai ya ɗaga ƙafa kafin ya jera da karan, to ruwan ya fi ƙarfin jirginsa. Ƙaramin tafki mai fili, da sassafe kafin iska ta tashi, shi ne wurinsa. Ruwa kuma yana da masu shi: a gaida masunta, a tambayi inda suka kafa taru ko suka shimfiɗa mamari, kuma idan madatsa ce da gari yake sha daga cikinta, a nemi izinin masu kula da ita.

Batir ne abin da zan so ki sa ido a kai a cikin gida. Yara da yawa suna ciro masu kama da gora ɗin nan daga tsohon batirin kwamfuta, waɗanda ake kira 18650. Kowane ɗaya bolt 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma bai kamata a zuƙe shi ƙasa da 3 ba. Ana caja shi ne da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti, ba a kan katifa ba, nesa da galan ɗin man janareta, kuma ba a barin sa a caji a kwanta barci. Ba a ajiye shi a rana, balle a watan Afrilu da zafinmu yake haura digiri 40. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko ya sha ruwa, a fitar da shi waje a sa cikin yashi, kada a huda shi.

Tambaya: Na ga hoton irin waɗannan jirage masu tafiya da iska babu inji. Shin za su yiwu a wajenmu? Ina so in gwada da ɗalibaina. Daga wani malamin makaranta a Argungu.

Amsa: Za su yiwu, Malam, kuma a garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, inda yara suka tashi suna kallon tseren kwalekwale a Matan Fada, ba za ka sha wahalar samun masu sha'awa ba. Irin wannan jirgi injin sabo guda biyu kawai yake buƙata, ɗaya na wutsiyar tuƙi, ɗaya mai ƙarfi na jan igiyar tantanin da iska take turawa, kuma ƙaramin batir yakan kai shi yini. Sirrinsa yana ƙarƙashin ruwa, inda wani dogon allo yake saukowa da curin dalma a ƙarshensa, shi yake hana iska kwantar da jirgin kuma yake hana shi zamewa gefe. A rukunin da ake gasa da shi a ƙasashe da dama, mai tsawon mita 1, dukan jirgin ba ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin wannan nauyi yana cikin allon da dalmarsa, waɗanda suke nutsewa kusan santimita 40.

Nan ne wahalarmu take, domin yawancin tafkunanmu ba su da zurfi a baki, ga kainuwa da bado suna jiran abin da za su kama. Ku yi naku rabin wannan girma, da allo mai zurfin santimita 20, ku dinka tantanin da yadin tsohuwar lema, ku narka dalmar a fili inda iska take kaɗawa, kai da kanka ba yara ba, kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta. Ka koya musu tun a allo cewa jirgin iska ba ya fuskantar iska kai tsaye, yana yankarta ne a karkace da kamar digiri 45, ya yi dama ya yi hagu har ya isa inda ake so. Ranar gwajin farko ku tsaya a gaɓar da iska take bugowa zuwa gare ta, wadda da hunturu ita ce ta kudu maso yamma, ta yadda ko rimot ya ƙi aiki iskar da kanta za ta turo muku jirgin zuwa ƙafafunku.